Tukunya Ta Shiga Gona

Kano, Satumba 2021

Zuwa ga taubashiyata Ramlatu, a Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Gwaggo Hindu da Khairat. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke tashi duk sanda aka yi ruwa. Ya ce in gaida ƙanwarsa, in gaya mata har yanzu yana jiran daddawar da ta yi masa alkawari.

Tun da aka kashe muku sabis na kira lambarki har na gaji. Ashe sai mun koma takarda da direba. Ku mutanen ƙauye ba abin da ya dame ku, dama can kun fi sabawa da aike. Dikko mai motar Gummi ya ce ya san gidanku, shi zai kawo miki wannan tare da kwali.

Kin san sana'ata, ko da yake na san ba ki taɓa ɗaukarta sana'a ba. Ina da shafi a intanet inda nake ba mutane labarin na'urorin karatu: wadda ta fito, wadda ta yi araha, wadda ba ta cancanci a saya ba. To wani kamfani ya kawo sabuwar kwamfutar hannu ta koyon karatu, sun ba ni aikin tallata ta a Arewa. Allo ne na gilashi, bai kai faifai girma ba. An zuba masa littattafan Hausa tun daga baƙi da wasali, yana karantawa da murya yana haska kalmar da yake faɗa. Ba ya buƙatar sabis, kuma yana da ɗan faranti mai caji da rana. Ranar da sabis ya dawo zai riƙa janyo sababbin abubuwa da kansa.

Da na gan shi sai Khairat ta faɗo mini a rai. Rabona da ita tun rasuwar mijinki Namadi, amma ban manta yadda take riƙe littafi tana kallonsa ba. Na san abin da gubar dalma ta yi mata a Yargalma tun tana ƙarama, na kuma san makarantu sun gaji da ita. Ki ba ta, nata ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai ƙaramin katin ajiya a gefen allon. Ki riƙa ɗaukarta a bidiyo tana karatu, in ya yi ɗan lokaci ki cire katin ki ba Dikko. Ina so in nuna wa mutanenmu su ga ci gabanta.

Naki,
Aminullahi Wali

Gummi, Oktoba 2021

Zuwa ga Aminullahi.

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso lafiya, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Gwaggonka tana fama da tari amma da sauƙi. Ta ce a gaya wa Kawu Wali daddawa tana nan, wanda zai ci ne ya ƙi zuwa. Hanyar Anka dai sai addu'a. Dikko ya ce sai da suka jira rakiyar jami'an tsaro kafin su wuce.

Ka ce mu mutanen ƙauye. To ɗan birni, da ka zo ka ga yadda gidan nan ya koma saboda allonka.

Ka san matsalar Khairat ba rashin sanin baƙaƙe ba ce. Ta san su. Sai dai kafin ta kai ƙarshen kalma farkon ya ɓace mata, sai ta koma, sai ya sake ɓacewa. Ni malamar firamare ce, 'ya'yan mutane nawa na koya wa karatu, amma tawa ta gagare ni. Nakan yi haƙuri har in kasa, in ɗaga murya, ita kuma daga nan bakinta ya kulle. Wannan abin naka ko sau ɗari ta taɓa kalma zai maimaita mata da murya ɗaya. Da gwaggonka ta tambaye ta abin da ya sa take son shi haka, sai ta ce, "Shi ba ya tsawa." Ina daka a lokacin. Na ajiye taɓarya na shiga ɗaki.

Da safe ita ke fitar da farantin cajin ta jingina shi a kan rumbu, ta zauna tana gadinsa kada kaji su hau. Ta ɗinka masa jaka da guntun atamfa. A makarantar Islamiyya ma malamarsu ta ce ta ga canji, yanzu tana ɗaga hannu.

Ga katin nan na naɗe shi cikin takarda. Ka yi haƙuri, ban san yadda ake gogewa ba, komai yana ciki. Na farkon-farkon kada ka nuna wa kowa, ba su yi kyau ba. Akwai wanda take karanta labarin wata tunkiya, maimakon ta ce tunkiya ta shiga gona sai ta ce tukunya, ta yi ta nanatawa, bakinta ya karkace yadda yake yi in ta matsa wa kanta, har miyau ya zubo mata. Wannan ka goge mini shi. Na ƙarshen su ne na nunawa. Za ka ga ta karanta layi uku a jere, sau ɗaya kawai ta taɓa allon.

Da na gaya mata Kawu Wali da su Mansura da sauran dangi na Kano za su gani, sai ta ce a sake ɗauka, ta je ta sa hijabinta na sallah. Ka gaya mini abin da Kawu ya ce in ya gani. Tana tambayata kullum.

Taka,
Ramlatu

Kano, Oktoba 2021

Taubashiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Gwaggo lafiya. Ina cikin sauri, Dikko yana tasha yana jirana.

Kati ya iso. Ramlatu, ba ki san abin da kika aiko mini ba. Na kalla tun daga farko har ƙarshe, na ce wannan shi ne abin da nake nema. Mutanenmu sun gani, kuma ban taɓa sa wani abu ya karɓu kamar wannan ba. Kowa maganar Khairat yake yi. Maigidana a kamfanin har kirana ya yi da kansa.

Ga turmin atamfa da takalmi na ba Dikko, nata ne, ta ci gumin kanta. Baba bai samu ya gani ba tukuna, kin san idonsa da waya. Zan nuna masa.

Sai na ji daga gare ki.
Aminullahi

Gummi, Nuwamba 2021

Aminullahi,

Muna lafiya. Tarin gwaggonka ya warke. Ina fata ƙafar Kawu ta yi sauƙi.

Na daɗe ban rubuto ba saboda na karanta takardarka ban gane ta ba. Na yi ta mamakin yadda kowa ya gani amma Kawu bai gani ba, da kuma abin da ya haɗa maigidanka da 'yata. Yanzu na gane.

Ka san samarin garin nan suna hawa mota su tafi wajen iyakar Sakkwato neman sabis, su cika wayoyinsu su dawo suna tura wa juna. Ranar Asabar Khairat ta dawo daga Islamiyya tun ba a tashi ba. Ta ce wasu samari a shagon caji sun bi ta suna cewa tukunya ta shiga gona, ɗaya yana karkace baki. Ta ɗauka labarin tunkiyar suka sani, har ta tsaya ta gyara musu, ta ce ba tukunya ba ce, tunkiya ce. Sai suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Ta tambaye ni, "Inna, mi na yi musu?" Na ce ba komai, sakarcin samari ne.

Washegari Amina maƙwabciyarmu ta kira ni zaure ta nuna mini a wayar ɗanta. Na ga 'yata. Na ga tabarmarmu da rumbunmu. Wanda na ce ka goge, shi ne a farko, an matso da fuskarta har ta cika wayar, an rage gudun hoton daidai inda miyau ke zuba. Na hijabin sallah an sa shi a ƙarshe, ɗan kaɗan, kafin sunan kamfaninku ya fito. Wannan naka ne. Akwai kuma waɗanda wasu suka yanka daga naka suka sa wa kiɗa. Ɗan Amina ya ce har a Bukkuyum da Anka ana yi, in mutum ya yi kuskure sai a ce masa tukunya. Akwai wata mata babba, da ɗankwalinta da janbakinta, ta ɗauki kanta tana kwaikwayon bakin Khairat.

Ka rubuto ka ce mutanenmu. Ni mutanenmu da na sani su ne Kawu da Mansura da 'ya'yan Gwaggo Saude. Da ka ce mini masu sayen kayanka kake nufi, da na mayar maka da kwalin ko buɗewa ban yi ba.

Yanzu ba ta zuwa Islamiyya, ni na hana ta. Na ce mata an yi hutu. Ba ta san akwai bidiyon ba, kuma na roƙi duk wanda ke shigowa gidan nan kada ya nuna mata. Allon ne kawai ban iya ƙwacewa ba, don shi ya rage mata.

Atamfar da takalmin suna wurin Dikko. Ka cire abin nan daga duk inda ka sa shi. Ba roƙo nake yi ba.

Ramlatu

Kano, Nuwamba 2021

Ramlatu,

Salamu alaikum. Na ji daɗin jin Gwaggo ta warke. Baba yana nan yadda kika sani.

Takardarki ta ɓata mini rai, kuma mayar da kayan nan a gaban direba cin fuska ne. Dikko sai kallona yake yi kamar na kashe wani.

Bari in yi miki bayani, tunda kin yi nisa da yadda duniya ke tafiya. Ba wanda zai tsaya kallon yarinya tana karanta layi uku daidai. Yara dubu suna yi kullum. Sai an ga inda ta fito sannan a san darajar inda ta kai. Abin da na yi ke nan. Masu yanka su sa kiɗa ba ni na aike su ba, kuma ba ni da ikon hana su. Cirewa kuwa ba a hannuna take ba, bidiyon ya zama na kamfani tun ranar da na miƙa shi. Ke da hannunki kika ɗauka, da hannunki kika naɗe kika aiko. Na ce mutanenmu, ba ki tambaye ni su wa ba.

Kin lissafa masu dariya, ba ki lissafa iyayen da suka rubuto mini suna kuka ba. Akwai wani mutumin Duza da ke zaune a Zariya, ya ce ɗansa haka yake, ya sayi allon saboda Khairat. Wannan ba lada ba ne? Dariyar samari wata nawa take yi? Gobe wani zai faɗi a kan babur su koma kansa.

Kuma tunda kin zaɓi ki yi mini magana kamar ni na cuce ta, to mu faɗi gaskiya. Ba ni na kawo dutsen zinariya cikin gida ba. Namadi ne, Allah ya jiƙansa, ya riƙa niƙa shi a tsakar gidanku, ke kuma kina shara kina kallon yarinya tana rarrafe a cikin ƙurar. Bakin da kike jin kunyar duniya ta gani, a gidanki ya karkace. Ni na same ta a haka, na ba ta abin da ke malama kika kasa ba ta shekara da shekaru. Ke da bakinki kika rubuta cewa tsawa kike yi mata.

Ban nuna wa Baba takardarki ba, don hawan jininsa. Ki kwantar da hankalinki. Taubashi ba ya zama abokin gaba a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Aminullahi

Gummi, Disamba 2021

Aminullahi,

Gwaggonka tana lafiya. Ta sa na karanta mata takardarka, na karanta duka ban tsallake komai ba. Da na zo wurin Namadi ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta tashi ta ɗauko daddawar da ta ajiye wa Kawu ta aika wa Amina da ita.

Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne. Na yi shara a gidan nan na Yargalma, ban san ƙurar guba ba ce, ba wanda ya sani sai da yara suka fara mutuwa. Na binne Sadiq ƙanen Khairat a shekarar. Ba sai ɗan Kano ya tuna mini ba. Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Ina so ka san abin da ya faru ranar da sabis ya dawo, don kai ne ya kamata ka fara sani.

Da hantsi ne. Sai muka ji wayoyi suna ta ƙara ta kowace katanga, mata suna guɗa, kowa yana kiran nasa. Ni ma na shiga ɗaki na kunna tawa ina neman 'yar'uwata ta Gwashi, wadda tun damina ban ji muryarta ba. Khairat tana gindin rumbu da allonta. Na manta ka ce zai janyo abubuwa da kansa.

Da na fito na same ta ta dafa allon da hannu biyu. Ba littafi ne a kai ba. Fuskarta ce, a tsaye cik, wadda aka matso da ita, bakin a karkace. A ƙasa akwai rubutu manya-manya. Na yi tsalle zan fisge, sai ta kare da kafaɗa, ta ce in bari ita za ta karanta.

Ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko. Talla ce, in an taɓa ba ta magana, ba mai taimakonta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ta koma baya ko sau ɗaya ba. Ina tsaye a kanta ina jin muryar 'yata tana cewa, "Dalma ta cinye mata ƙwaƙwalwa. Duk da haka ta karanta. Naka fa?"

Ban taɓa gaya mata haka ba. Abin da ta sani shi ne ta yi ciwo tana ƙarama, likitoci suka ba ta magani a Bukkuyum ta warke, kuma kowa da irin saurin karatunsa. Da wannan na rene ta har ta kai shekara goma sha biyar.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta sa bayan hannu ta shafa gefen bakinta, alhali babu komai a wurin. Sannan ta ɗago ta ce, "Inna, duka ta cinye?"

Na ce a'a. Na ce ƙarya suke yi. Ta ce ai a rubuce yake.

Ta tambaye ni ko abin da samarin shagon caji suka gani ke nan, na ce e. Ta tambaya ko Kawu Wali ya gani. Na ce ban sani ba. Ta tambaya ko da gaske an yi hutun Islamiyya. 

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta mayar da allon cikin jakar da ta ɗinka masa ta kawo mini ɗaki ta ajiye. Tun ranar ba ta sake tambayarsa ba. Tana cin abinci, tana wanke-wanke, in an kira ta ta zo. Amma in za ta yi magana sai ta rufe baki da gefen hijabi, ko da ni da ita ne kawai a ɗaki. Jiya gwaggonka ta miƙa mata kwalin magani ta ce ta duba mata sunan, don dai ta ja ta da hira. Ta ce, "Kaka, ki ba mai ƙwaƙwalwa."

Na kunna allon ni kaɗai don in cire hoton. Duk sanda aka kunna shi ita ce ke fara fitowa. Na ba Dikko shi, yana cikin kwalinsa da farantinsa.

Yanzu akwai sabis. Kada ka kira ni.

Ramlatu

Kano, Disamba 2021

Taubashiyata Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na kira ba ki ɗauka ba, na aika saƙo na ga kin rufe ni, shi ya sa na koma wa Dikko. Ya ce wannan ce ta ƙarshe da zai ɗauka.

Wallahi ban ji daɗi ba. Ban san tallar za ta fito a nata ba. Irin wanda na aiko miki mai rangwame ne, shi ya sa yake nuna talla in an kunna, kuma duk na ƙasar nan hoton da ke kansu ke nan a wannan watan. Rubutun ma ba ni kaɗai na tsara shi ba. Da kin faɗa mini da wuri da na sa an kashe mata. Maganar Namadi kuma ɓacin rai ne, a bar ta.

Amma akwai wuri ɗaya a takardarki da na karanta har sau uku. Kin ce ta karanta rubutun gaba ɗaya ita kaɗai, ba muryar allo, ba ta koma baya ba. Ramlatu, kin san ma'anar wannan kuwa? Wata uku da suka wuce yarinyar nan ba ta iya haɗa kalma ɗaya. Na karanta wa maigidana wurin, ya ce a duk shaidun da muka tara babu kamar wannan.

Suna so su yi kashi na biyu, mai mutunci, da hijabinta da komai, kuma za su ba ta sabon samfurin da zai fito bayan azumi, wanda ba ya nuna talla. Sai dai na san da wuya a ce kin ɗauke ta a bidiyo lokacin da take karantawar. In ba ki ɗauka ba babu damuwa, za a iya sa ta ta maimaita.

Ki gaida mini Khairat. Ki ce kawunta yana alfahari da ita.

Naki,
Aminullahi Wali